Ƙarfe Biyu a Cikin Safa, Daga Madawa Zuwa Suwis

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A majalisar shayi, a ƙofar masallaci, har a wurin mai wanki, sai wani ya riƙe mini hannu: "Haruna, yaya ƙasar Nasaru? Da gaske ruwa na daskarewa a famfo?" Nakan ba da amsa guntu-guntu, kwana biyu in ji labarin ya dawo mini an ƙara masa gishiri, har ana cewa wai na ƙera ƙashin mutum da hannuna. Ban ƙera ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta. Abin da na gani zan faɗa, wanda kuma ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan maƙera ne daga Tabotaki, cikin ƙasar Buza. Lakkwal, wato makarantar boko, ta ɗauke ni daga gindin zugazugi tun ina ƙarami, na yi karatun injuna har na sami takarda, aka ɗauke ni aiki a wani asibiti na yankinmu wanda ba sai na ambaci sunansa ba. Ni ke kula da injin wuta, da famfo, da tukunyar da ake dafa kayan fiɗa.

A ɗakin fiɗar akwai wani akwati na ƙarafan ɗori da wata masana'anta ta ƙasar Suwis ta aiko mana kyauta. Ƙarfen ɗori siriri ne, fari, mai huji a jere. In ƙashi ya karye mummunar karaya, likita ya tsaga nama ya shimfiɗa shi a kan ƙashin ya ɗaure da kusoshi masu murɗi. Kafin a sa shi sai an lanƙwasa shi ya bi tsarin ƙashin mai shi, da wasu sanduna biyu masu tsaga a baki, waɗanda muke kira malanƙwasai. Namu ɗaya ya ɓace tun kafin in zo, ɗayan kuma bakinsa ya buɗe. Likita Isufu, likitan fiɗarmu, ya ce in san yadda zan yi. Na zana su a takarda da awo da komai, na kai wa babana, ya ƙera mini su da lam ɗin wani mataccen kamiyo, wato baƙin ƙarfen sifirin na babbar mota. Sun yi kyau ƙwarai. A lokacin babu abin da nake alfahari da shi a aikina kamar su.

Sai ga Alasan. Manomin albasa ne daga ƙasar Urno, mutum mai yawan raha, ya faɗo daga saman kamiyo cinyarsa ta karye. Aka sa masa ƙarfe. Bayan 'yan watanni wurin ya kumbura ya fara ruwa, ƙashin bai haɗe ba, dole aka sake buɗewa aka cire. Ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa ya fito da jajayen ɗigo da ƙananan ramuka. Kuma ba a kansa aka fara ganin haka ba. Likita ya kira ni ofis ya ce: "Sau ɗaya kawai zan iya sake gwadawa. In na sa wani ya yi haka, ƙafar zan yanke. Ba zan taɓa shi ba sai na san dalili." Dama masana'antar ta gayyaci mai kula da kayan aiki ya je koyon aiki na mako shida. Likita ya ba ni ƙarfen da aka cire daga cinyar Alasan, da wani wanda aka lanƙwasa amma ba a sa wa kowa ba, ya ce in kai musu su faɗi abin da suka haɗa mana.

Na je yi wa Alasan sallama. Yana kwance, an rataya wa ƙafar buhun yashi don ta miƙe. Ya ce, yana kirana Mushe yadda ake kiran ɗan boko a wajenmu: "Mushe Haruna, kai ka tahiya ƙasar masu ƙarhen? Ka ce musu ƙahwag ga ita ka kai ni garka. In sun ga dama su aiko da mai kyau, in biya su da albasa." Matarsa da ke zaune a tabarma tana fifita masa ba ta yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Ƙarafan nan biyu na rasa inda zan sa su. Na gwada kwali, na gwada aljihu, daga ƙarshe na zura kowane cikin safa na ƙulle baki, na tura tsakiyar jaka.

Na fara biyawa ta gida. Daga Buza zuwa Tabotaki na hau bayan wata bashe, motar a-kori-kura, tare da awaki biyu da buhunan gishiri. Inna ta ɗaure mini garin yaji da ƙuli-ƙuli. Baba yana maƙera yana gyaran hauyoyi, bai ajiye guduma ba. Ya ce: "Can ma maƙera na akwai?" Na ce da alama akwai. Ya ce: "To, ka gaishe su." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ban da addu'a.

A Madawa na sayi kilishi mai yawa, don an gaya mini naman can ba yankan Musulmi ba ne. Motar Yamai ta cika tun hantsi amma ba ta tashi ba sai bayan azahar, saboda direba ya tafi ɗaurin aure. Kusa da ni wata tsohuwa ce mai kwandon zabi, ta ɗora mini shi a cinya tun daga Ƙonni ba ta karɓa ba sai Doso. Duk shingen jandarma sai in fito da takarduna kafin a tambaya, kowace na yi mata kwafi uku. A shinge na huɗu tsohuwar ta ce: "Ɗana, kai kam ko ɓarawo na kai ko malamin lakkwal." Mota duka ta ɗauki dariya.

Kwana biyar na yi a Yamai a gidan wani ɗan ƙanen Inna, ina jiran biza. A nan na sayi babbar rigar sanyi a gwanjo, mai launin ƙasa, mai taushi a wuya. Mai sayarwa ya rantse irin ta ministoci ce.

Jirgin sama ba zan ce komai a kansa ba, don rabin tafiyar idona a rufe yake, jakar tana tsakanin ƙafafuna. A Faris na sauka na nemi tashar jirgin ƙasa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne gaisuwa. Na shiga taragu na yi wa mutane barka da Faransanci mai kyau, wanda na ci jarrabawa da shi, babu wanda ya ɗago kai. Na ɗauka ban ɗaga murya ba ne, na sake. Wani mutum ya matsar da jakarsa kusa da jikinsa. Daga nan na kama bakina.

A kan iyakar Suwis 'yan duwan, wato kwastan, suka shigo jirgin. Wani dogo mai jan gemu ya buɗe jakata. Kilishi ya fara cin karo da shi. Ya ɗaga shi sama yana juyawa kamar wanda ya tsinci tsohon takalmi, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi bayani cewa busasshe ne, rana ta gama da duk abin da ke cikinsa, amma ina. Sannan hannunsa ya taɓa safa. Ya kwance, ƙarfe ya faɗo tafin hannunsa. Na fara zaro takardar gayyata da kwafinta. Shi kuwa ya tsaya yana kallon ƙarfen, can ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini wani dogon tabo daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ya ce shekara huɗu ke nan irinsa na cikin jikinsa, wajen wasan sulɓi a kan ƙanƙara ya karye. Ya dubi jajayen ɗigon ya ce: "Amma nawa ba na fatan haka yake." Ya mayar da shi cikin safar da kansa, ya ƙulle. Kilishin dai bai dawo ba. Ban ce ci ya yi ba, ban gani ba.

Garin da na sauka ƙarami ne, a cikin kwari tsakanin duwatsu. In ka ɗauke itatuwa da sanyi, ya so ya yi kama da wajen Keita. An sauke ni a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Tana buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa, ta rufe baki da hannu. Sai bayan kwana biyu ta daure ta gaya mini rigar ministocin nan ta mata ce, ta nuna mini ɓangaren da maɓallan suke. Ta ɗauko mini ta marigayin mijinta. Tun daga Yamai har Suwis a cikin rigar mata nake, ina gaishe da mutane.

Gidan yana da dokoki. Ba a wanka bayan an ci abincin yamma, ba a wanki ranar Lahadi, takalmi a bakin ƙofa, wannan kam irin namu ne. Maƙwabcinta shekara ashirin suna katanga ɗaya bai taɓa shiga ɗakinta ba. Da na ce mata a Tabotaki in hayaƙi bai tashi a gidanka ba kafin azahar maƙwabta sun aiko a ji lafiya, ta ce ba ta san ko za ta so hakan ba ko ba za ta so ba.

Abinci kuwa cuku ne, safe da rana. Ba irin cukun Buzaye da muke jiƙawa a shayi ba, nasu ƙato ne kamar dutsen niƙa, wani ma yana da warin da ba zan kwatanta ba. Ranar da ta so karrama ni ta narka shi a tukunya, a riƙa tsoma burodi. Na tambaya me aka sa a ciki, na sake tambaya, a ta uku ta ce akwai giya kaɗan, amma wuta ta kore ta. Na ba ta haƙuri. Ba ta ji haushi ba, ta dafa mini dankali ta zuba narkakken cuku zalla a kai. Na barbaɗa yajin Inna. Ta ce ta ɗanɗana, ta ɗanɗana, ta sha ruwa kofi biyu tana hawaye, washegari kuma ta sake roƙa.

Yanzu masana'anta. Da can agogo ake yi a ginin. Na shiga ina neman wuta da uwar maƙera, ban ga ko ɗaya ba. Babu hayaƙi, babu gawayi, ƙasa kamar faranti, mutane cikin fararen riguna kamar ma'aikatan jinya. Aka haɗa ni da shugabar sashen gogewa, Madam Berta, gajeriyar mace mai furfura da tabarau a rataye a wuya, wadda ta fara aiki a wurin tun tana budurwa. Na isar mata da gaisuwar Baba. Ta tambayi me yake ƙerawa, na ce hauya da lauje da gatari. Ta ce kakanta ma takalmin doki yake yi, in ce tana amsawa. Na miƙa mata safa biyu. Ta aika da su ɗakin bincike, ta ce sai mako mai zuwa.

Iyakar fahimtata, ga yadda ake aikin. Ƙarfen ba zalla ba ne, gami ne: baƙin ƙarfe da aka narka tare da wasu ma'adanai uku ko huɗu, kowane da awonsa, a wata masana'anta dabam. Yana zuwa musu sanda-sanda. Inji ya yanka, inji ya fiƙe, inji ya huda. Wannan duk na san irinsa daga makaranta. Abin da ban sani ba shi ne rabin aikin yana kan fatar ƙarfen. Ana zuba su a wata ganga mai juyawa tare da ƙananan duwatsu da ruwan sabulu, su yi yini suna gogar juna har kaifin gefe ya mutu. A goge su a kan faifan tsumma. A wanke maiƙo. A tsoma su a wani kwano mai ruwan magani a sakar masa lantarki, ya cinye duk wani ƙaiƙayi da ido ba ya gani, su fito kamar madubi. Daga ƙarshe a jiƙa su a ruwan asid. Madam Berta ta ce wannan wankan na ƙarshe shi ne komai: yana cinye duk ƙurar baƙin ƙarfe da ta manne, ya bar wa ƙarfen wata fata da ba a gani, wadda ita ke hana jini da gishirin jiki su ci shi. Ta ce: "Ƙarfen ba ya tsatsa ne muddin fatarsa na nan."

Ranar farko na yi abin kunya. Na ga wani da aka gama yana walƙiya a faranti, na ɗauka na shafa shi da babban yatsa, yadda kowane ɗan maƙera ke yi in ya ga aiki mai kyau. Kowa a ɗakin ya juyo ya dube ni. Madam Berta ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo kwando ta ce: "Sa shi nan, zai koma wanka. Ga safar hannu." Sannan ta kai ni ta nuna mini wani jan layi da aka ja a ƙasa daga bango zuwa bango. Ta ce babu guduma, babu zarto, babu burushin waya na baƙin ƙarfe da ke tsallake layin nan. Kayan aikin ciki duk fari ne, an shafa wa ƙotarsu koren fenti don kada a ruɗe. Na rubuta a littafina. Allah ya sani na rubuta, har na ja layi a ƙarƙashi, amma hankalina bai kai inda ya kamata ya kai ba.

Ranar da sakamako ya fito ta kira ni ɗakin bincike. Ta ce gamin ƙarfen daidai yake, sun duba lambar da ke jikinsa, sun duba littafinsu. Sannan ta ɗauko wanda ba a sa wa kowa ba, ta jiƙa wata farar takarda da ruwan magani ta manna a kansa. Ta ce duk inda baƙin ƙarfe ya taɓa ya bar ƙurarsa, takardar za ta yi shuɗi. Muka tsaya muna kallo. Kafin a ƙirga talatin shuɗi ya fito, ba a warwatse ba, layi biyu a nan, layi biyu a can, daidai inda aka lanƙwasa. Ta ɗora na cinyar Alasan kusa da shi. Ramukan tsatsar suna wuri ɗaya da layukan.

Na san faɗin layukan nan. Ni na auna shi, ni na rubuta a takardar da na kai wa Baba.

Ta ce: "Da me kuke lanƙwasawa?"

Na ce: "Da kayan aikin asibiti."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Waɗanda muka aiko?"

Na ce ina jin akwai su a cikin akwatin, amma sai na bincika, tun da ba ni ke shiga ɗakin fiɗa ba. Babu ƙarya a cikin kalmomin ɗaya-ɗaya, amma duka a haɗe ƙarya ce. Ta ce to, ta cire safar hannunta.

Ranar Juma'a ce. Asabar da Lahadi na yi su ina yawo a bakin wani rafi, ina shari'a da kaina. In na yi shiru, zan iya komawa in jefar da malanƙwasan a rijiya, in ce masana'anta ta ba da sababbi, babu wanda zai sani. Amma za su rubuta wa Likita cewa ba su gano tushen abin ba, shi kuma ya ce ba zai taɓa Alasan ba sai ya san dalili. Kuma akwai sauran ƙarafa a akwatin da aka riga aka gwada lanƙwasawa aka mayar. In na yi magana kuwa, ni ne mai takardar makaranta da ya sa aka zuba wa mutane tsatsa a jiki, kuma sunan babana zai shiga ciki. Ba zan ɓoye ba, na fi jin tsoron na biyun. Abin da ya rinjaye ni ba jarumta ba ce. Na kasa cin dankalin tsohuwa ne kawai, na ga ba zan iya mako biyar a haka ba.

Ranar Litinin na same ta a gaban faifan gogewa, mutane na nan, ban jira sun fita ba don kada in fasa. Na buɗe littafina a shafin zanen na ajiye mata. Na ce: "Madam, ranar Juma'a ban faɗa miki gaskiya ba. Da wannan muke lanƙwasawa. Ni na zana, babana ya ƙera da lam ɗin mota. Shi bai san abin da za a yi da su ba. Laifina ne."

Ta kashe injin. Ta sa tabarau ta duba zanen, ta aika aka kawo takardar nan mai shuɗi, ta ɗora ma'auni a kan layukan. Ta auna na dama, ta auna na hagu, ta kira wani tsoho daga sashen yanka ta nuna masa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ta juyo ta ce: "Da wane inji ya tsaga bakin?" Na ce babu inji, kurfi ne da guduma da zarto. Ta ce: "Da ido?" Na ce da ido. Tsohon ya yi fito. Ta ce: "Tsagar biyu ba su bambanta da kaurin gashi ba. Hannun babanka ba shi da laifi, ƙarfen ne ba na wurin ba. Kai kuma ka ɓata mana kwana uku. Je ka buga waya."

Na aika wa Likita talgiram a ranar: kada a sake taɓa ƙarfen ɗori da malanƙwasan, bayani na tafe.

Na zaci za su ba ni sababbi daga sito. Madam Berta ta ce a'a, ɗan maƙeri ba ya komawa gida da aikin wani. Ta ba ni sandar farin ƙarfe, ta ce in yi su da kaina tun daga yanka har wankan asid. Na farko na ƙona shi a faifan gogewa, ya yi ruwan ƙasa. Na biyu ya yi kyau a ido, amma da aka manna takarda sai ga shuɗi ɗigo ɗaya, ashe na ajiye shi a kan teburin da ke bayan jan layi lokacin da na je sallah. Na uku na yi mako biyu a kansa. Ranar gwaji mutanen sashen suka taru a bayana. Aka manna takarda. Na ƙirga talatin, na ƙirga sittin, na kai ɗari. Fara fat. Madam Berta ta ɗauko gwangwanin koren fenti da burushi ta miƙa mini ta ce in shafa wa ƙotar da kaina. Ban san ko ya dace mutum ya faɗi haka game da kansa ba, amma ko ranar da aka ba ni takardar gama makaranta ban ji abin da na ji a ranar ba.

Dawowa ba ta da labari sosai. Sun haɗo ni da ƙarafan ɗori sababbi a rufe cikin leda, tsohuwa ta ce in riƙe rigar mijinta, na bar mata sauran yaji. Daga Yamai ban kwana ba na nemi motar Madawa.

Na sami Likita Isufu a ofis na faɗa masa komai a tsaye. Ya ce: "Ni na riƙe su a hannuna sau nawa, ni ma ban yi tunani ba." Ya ƙara da cewa ba lalle wannan ne kaɗai dalili ba, akwai ƙura, akwai zafi, akwai jikin mutum, kuma na yarda da shi, har yau ba na cewa shi kaɗai ne. Muka ware duk ƙarfen da tsofaffin malanƙwasan suka taɓa. Na sayo fenti na ja jan layi a ƙofar ɗakin dafa kaya. Ciwon Alasan ya riga ya bushe a lokacin, bayan kwana tara aka shiga da shi ɗakin fiɗa. Kafin a shiga na je na gaya masa gaskiya, shi da matarsa. Ya ce: "To yanzu wanga da za a sa min, wa yat taɓa shi?" Na ce babu kowa. Ya ce: "Kai ma kak ka taɓa."

Baba ya fi ba ni wuya. Na je Tabotaki na zauna a maƙera har mutane suka watse, sannan na faɗa masa. Ya ajiye awartaki. Ya ce: "Hwarin ƙarhe za a kama da su?" Na ce i. Ya ce: "Kuma ba ka hwaɗa min ba? Na tambaye ka na mine ne, kac ce aikin likita na." Haka ne, haka na ce masa, don a lokacin ina ganin bayanin ya fi ƙarfinsa. Ya ce: "Haruna, tun kakanninmu maƙerin baƙi daban, maƙerin hwari daban. Ka taɓa ganin Buzu mai ƙirar azurhwa ya ari zartona? Ko ya roƙa ba ni ba shi, ɓata mai aiki za ya yi. Wanga ko jikana ya san shi. Sai da kat tahi ƙasar Nasaru sunka hwaɗa maka?" Na ce sai da na je. Ya ɗauki awartakinsa ya ci gaba da aiki. Da na gaya masa abin da Madam Berta ta ce game da tsagar, bai ɗago ba, ya ce: "Mace ta?" Na ce mace ce. Ya ce: "Ta san aiki."

Wata huɗu muna jira. Kowace safiya sai na bi ta gadon Alasan in saci kallon bandejin kafin in je wurin injin wuta, har ya riƙa ce mini: "Bushe yake, Mushe, tahi aikinka." Hoton ƙashi ya nuna ya fara haɗewa. Aka ba shi sanduna biyu, daga baya ɗaya.

Ranar da za a sallame shi ta faɗo ranar kasuwa, sai ga Baba a ƙofar asibiti da hauyoyinsa a kafaɗa, shi da bai taɓa taka wurin ba. Na kai shi ya ga sababbin malanƙwasan. Ya tsaya a bayan jan layin ba tare da na ce masa komai ba, ya sa hannuwansa a baya, ya leƙa. Na miƙa masa safar hannu, ya girgiza kai. Daga nan muka fito baranda. Alasan na tahowa daga can ƙarshe, matarsa na biye da ƙunshin kaya a ka. Yana ɗingishi, kuma Likita ya ce watakila ɗingishin ba zai rabu da shi ba, amma a kan ƙafafunsa biyu yake. Baba ya tare shi, ya tsuguna ya dubi cinyar, ya ce: "Taka da ƙarhi in gani." Alasan ya ɗaga sanda ya taka. "Ƙara." Ya ƙara. Baba ya miƙe ya ce: "Ya kama."

Sai ya juya wajen masu jinya da ke zazzaune a inuwa, mutanen da bai san ko ɗaya ba, ya nuna ni da haɓa ya ce: "Kun ga ƙarhen da ac cikin ƙahwag ga? Ɗana na yay yi shi."

Na ce: "Baba, ba ni na yi ƙarfen ba, abin lanƙwasawar kawai na yi, shi ma a karo na uku, kuma Likita ne ya..."

Ya ce: "Yi min shiru."

Na yi shiru.